Da Wane Aiki Ake Tuna Mutum?

'Yan uwana mata, akwai wata tambaya da ya kamata mu zauna mu yi mata kallon tsanaki, domin ta shafi duk macen da take da ɗa a gabanta, da wadda ke sa ran samu, kai har ma da budurwar da ba ta riga ta shiga ɗakin miji ba. Idan mutum ya bar duniya aka taru zaman makoki, za ki ji kowa yana faɗin abin da ya san shi da shi. Wannan ya ce ai tsohon soja ne, ya bauta wa ƙasarsa. Wancan ya ce ai babban ma'aikaci ne, ya riƙe ofis kaza da kaza. Can kuma sai ki ji wani daga gefe, wanda ba dangi ba ne ba kuma abokin aiki ba, ya yi ajiyar zuciya ya kawo wani ɗan abu da mamacin yake yi a lokacin hutunsa, abin da watakila iyalinsa ma suke ɗauka ɓata lokaci ne. To wai shin a cikin waɗannan duka wanne ne mutumin? Da wanne ya fi dacewa a tuna shi?

In kika duba da kyau, ayyukan ɗan Adam ba su wuce kashi uku ba. Akwai aikin da aka sa shi, ya so ko ya ƙi sai ya yi, kamar aikin soja da ke ƙarƙashin umarni. Akwai aikin da ake biyansa, wanda da shi yake ci da kansa da iyalinsa. Sannan akwai aikin da babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda zai ba shi ko sisin kwabo, hasali ma shi ne yake kashe kuɗinsa da barcinsa a kai, don kawai ransa yana so. Mu dai na ukun nan shi muka fi rainawa. Shi muke kira shirme, ko wasan yara, ko rashin aikin yi. Ni kuwa a ganina a nan ne halin mutum na gaskiya yake fitowa, domin Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Umarni miya ne, albashi ma miya ne. Abin da mutum ya ci gaba da yi bayan an ɗauke su, to wannan shi ne nasa.

Bari in kawo miki labarin wani mutum da ya haɗa ukun nan a rayuwa ɗaya, don mu auna mu gani. Sunansa Owen Garriott, Ba'amurke ne. An haife shi ranar 22 ga Nuwamba 1930 a wani gari da ake kira Enid a jihar Oklahoma, ya mutu ranar 15 ga Afrilu 2019 yana da shekara 88. Tsohon hafsan sojan ruwa ne, injiniyan lantarki ne mai digirin digirgir, ya yi malanta a jami'a, sannan ɗan sama-jannati ne da ya je sararin samaniya har sau biyu. Amma duk da wannan jerin muƙamai, akwai mutane da yawa a ƙasashen duniya da suka fi saninsa da wasu haruffa guda biyar, wato W5LFL. Wannan ita ce lambar kiransa a duniyar masu rediyon sha'awa.

Kada ki ɗauka irin rediyon nan namu ne da ake kunnawa a tsakar gida ana tankaɗe, ana jin labarai da zaɓi-sonka. Shi wannan saurare kawai ake yi, ba a mayar masa da magana. Wanda nake nufi akwati ne da ake ji kuma ake magana ta cikinsa, kamar oba-oban 'yan sanda, sai dai shi yana iya cin dogon zango har ya tsallake teku. Mai son wannan abu sai ya yi karatu ya ci jarrabawa, sannan gwamnati ta ba shi lasisi da lambar kira wadda babu mai irinta a duk faɗin duniya. Farkon lambar ne yake nuna ƙasar mutum. In kika ji 5N to daga Najeriya ne, 5U kuma Nijar ce, W ko K kuwa Amurka ke nan. Dokar abin ita ce ba a ciniki da shi, ba a karɓar ladan aiki, ba a sa waƙoƙi don nishaɗantar da jama'a. Mutum zai zauna a ɗakinsa da dare ya murɗa akwatinsa ya yi ta faɗin haruffa biyu, CQ, CQ, ma'ana duk wanda yake jina ya amsa. In an dace wani ya amsa daga wata uwa duniya, sai su gaya wa juna suna da gari da yadda muryar take fita da yanayin gari, su yi sallama da lambar 73, wadda a wurinsu take nufin fatan alheri. Bayan nan kowa ya aika wa ɗan uwansa da kati ta gidan waya, shaidar cewa lallai na ji ka, kai ma ka ji ni. Shi ke nan fa. Ba riba, ba albashi.

To wannan abu shi Garriott ya taso da shi tun yana yaro, kuma mahaifinsa ne ya ja shi ciki. A wancan zamani ba a ba da lasisi sai mutum ya iya harshen ƙwanƙwasa na Morse, irin na wayar tangarahu, inda ake danna wani ɗan madanni ya ba da gajeren sauti ko dogo, kowane harafi da irin nasa. Yaron ya koya, ya samu lasisinsa yana ɗan shekara 15. Ki ɗan tsaya a nan 'yar uwa, ki ƙiyasta yaro ɗan shekara 15 ya cika ɗaki da wayoyi, ya kafa eriya a kan rufi, dare ya yi yana ta ƙwas-ƙwas da madanni. A gidaje da yawa abin da zai ji shi ne, tashi ka ba mutane wuri, wannan tarkace wane abinci zai ba ka?

Ga abincin da ya ba shi. Son wayoyin nan ne ya kai shi karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Oklahoma, ya gama a 1953. Daga nan ya shiga rundunar sojan ruwan Amurka, ya yi shekara uku daga 1953 zuwa 1956, kuma aikin da aka ba shi shi ne hafsa mai kula da na'urorin lantarki a jiragen ruwan yaƙi. Kin ga ko a cikin kaki ma, abin da ya fara a ɗakin gidansu shi ya bi shi. Da ya tuɓe kaki sai ya wuce Jami'ar Stanford, ya yi digiri na biyu a 1957, ya yi na digirgir a 1960, ya kuma zauna yana koyarwa a can daga 1961 zuwa 1965.

Abin da ya ƙware a kai kuwa, duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman tasha a gajeren zango ya ci amfaninsa ko da bai sani ba. Can sama nesa da gajimare akwai wani ɓangare na iska wanda hasken rana yake sa wa lantarki. Idan aka watsa murya a gajeren zango, sai ta tafi sama ta daki wannan rufi ta dawo ƙasa a wani wuri mai nisa, kamar yadda ake cewa kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ta haka ne iyayenmu suka riƙa kama muryar Landan a ƙauyen da ko lantarki babu, kuma shi ya sa tasha takan fita tangaran a wani lokaci ta shaƙe a wani, saboda rufin yana sauyawa tsakanin dare da rana. Duk mai rediyon sha'awa da wannan rufi yake kokawa kullum. Shi Garriott tambayar da ya fara yi yana yaro, me ya sa jiya na ji wancan gari yau ban ji shi ba, ita ce ya mayar ilimin da ya zama malami a kansa. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

A 1965 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta nemi masana kimiyya da za ta horar su zama 'yan sama-jannati, domin kafin nan matuƙa jiragen sama take ɗauka. Mutum shida aka zaɓa, Garriott yana cikinsu. Sai da ya koma ya koyi tuƙin jirgin sama, kuma shekara takwas ya yi daga zaɓensa kafin layi ya zo kansa. Ranar 28 ga Yuli 1973 aka harba shi tare da abokan tafiyarsa biyu, Alan Bean da Jack Lousma, zuwa wata tasha da ke shawagi a sama mai suna Skylab. Kwana 59 suka yi suna kewaya duniya, wanda a lokacin babu ɗan Adam da ya taɓa daɗewa haka a can. Sau uku yana fita wajen tashar cikin rigar nan tasu yana aiki, ba ƙasa a ƙarƙashinsa ba rufi a kansa.

A wannan tafiya akwai wani abu da ya kamata kowace uwa mai 'ya mace ta ji. Wata yarinya 'yar sakandare mai suna Judith Miles ta kawo tambaya, wai shin gizo-gizo zai iya saƙa a inda babu nauyi, inda ba a san sama ba a san ƙasa ba? Maimakon a ce mata ke kuma da wace irin tambaya, sai aka ɗauki maganarta, aka sa gizo-gizo biyu a kumbon, aka raɗa musu suna Arabella da Anita, kuma Garriott ne ya kula da su. Da farko saƙar ta fito a hargitse, amma bayan ɗan lokaci suka saba suka saƙa yanarsu. Babban malami mai digirin digirgir ya zauna yana gadin gizo-gizo saboda tambayar wata yarinya, bai ga an ƙasƙanta shi ba, domin shi ma daga irin wannan tambaya ya fito.

Mutumin kuma yana da barkwanci. Kafin ya tashi ya naɗi muryar matarsa Helen a kaset ya ɓoye. Wata rana ma'aikatan da ke kula da tafiyar daga ƙasa sai kawai suka ji muryar mace daga tashar da suka san maza uku ne kaɗai a ciki, tana cewa ta zo ne ta kawo wa mazan abincin gida. Kafin su gane dawan garin sai da kai ya ɗaure musu.

Abu ɗaya ne bai samu ba a wannan tafiya. Ya so ya tafi da rediyonsa na sha'awa, hakan bai yiwu ba. Wani da ya bar maganar, ya ce ai na wuce nan, ni da na je sama me zan yi da abin yarinta? Shi kuwa bai bari ba. Shekara goma bayan nan, ranar 28 ga Nuwamba 1983, ya sake tashi a kumbon Columbia, su shida, a tafiyar kwana 10 da aka shirya don gwaje-gwajen kimiyya fiye da 70. A wannan karon an yarje masa. Ya tafi da wani ɗan ƙaramin akwati na hannu, ya manna eriya a jikin taga. Shi wannan akwati muryarsa ba ta dawowa daga rufin nan da na gaya miki, huda shi take yi ta wuce, shi ya sa ya dace da magana tsakanin sama da ƙasa. Kumbon kuwa yana zagaye duniya cikin kamar minti 90, don haka duk wanda ke ƙasa 'yan mintoci kawai yake da su kafin ya wuce ta kansa. A lokacin hutunsa, lokacin da zai iya barci ko ya zauna yana kallon duniya ta taga, sai Garriott ya ɗauki akwatinsa ya yi kiran nan da ya saba yi tun yana ɗan shekara 15, duk wanda yake jina ya amsa. Wani mutum a jihar Montana ne ya fara amsawa. Wannan shi ne karo na farko da wani ya yi magana daga sararin samaniya kai tsaye da mutanen gari, ba ta hannun hukuma ba.

Kafin ya sauko ya yi hulɗa da mutum fiye da 200. A cikinsu akwai Sarki Husaini na Jodan, wanda shi ma mai wannan sha'awa ne, lambarsa JY1. Ki duba wannan abu da kyau. Ga sarki mai ƙasa guda, ga ɗan sama-jannati, ga wani talaka a bayan gidansa riƙe da eriya yana nuna sama, kowa da lambarsa, kowa sai ya jira ɗan uwansa ya gama magana kafin ya yi tasa, don in biyu suka danna lokaci ɗaya babu mai jin wani. A soja akwai na gaba da na baya. A wurin aiki akwai maigida da yaronsa. A nan kuwa so ne ya tara su, shi ya sa rawani da hular kwano da hular talaka duk suka zauna a tabarma ɗaya.

To amma kada mu yi saurin tafa hannu, akwai maganganu da mai hankali zai iya kawowa, kuma suna da nauyi.

Ta farko, wata za ta ce to mene ne amfanin abin? Mutum ya kwana yana gaisawa da wanda bai sani ba, wa ya ƙoshi? Amsar ita ce amfanin aikin so ba ya nuna kansa sai ranar da ta ɓaci. Misali, a watan Disamba 2004 wata matar aure 'yar Indiya mai suna Bharathi Prasad ta je tsibiran Andaman da akwatinta don sha'awa kawai, tana son ta yi magana da tashoshi masu yawa daga can. Ranar 26 ga wata girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka afka wa yankin, wayoyi suka katse, aka rasa hanyar jin labari. Sai ga shi akwatin wasan nan nata da na abokan tafiyarta ya koma hanyar aika saƙo, ana gaya wa dangi a babban yankin Indiya wane yana raye, ana faɗin inda ake bukatar agaji. Da ta bari an hana ta tun farko da cewa mace me ya haɗa ta da wayoyi, da wa zai zauna a kujerar nan ran nan? Haka shi ma abin da Garriott ya fara a 1983 bai tsaya a kansa ba. Daga shi ne aka samu shirin da 'yan makaranta suke magana da 'yan sama-jannati ta rediyon sha'awa, kuma tun shekarar 2000 ake yin haka da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, yara suna tambaya ana ba su amsa daga sama.

Magana ta biyu ta fi ta farko ciwo, kuma mu mata mun fi kowa saninta. Sha'awa tana iya zama son kai. Akwai namijin da zai ji muryar da ke bayan teku amma ba ya jin ta matar da ke gefensa. Akwai wanda kuɗin cefane yake tafiya wurin tattabaru ko ƙwallo, in an yi magana ya ce ai abin da raina ke so ne. Sannan duk namijin da ya samu sukunin bin abin da yake so, galibi akwai wata a bayansa da take riƙe da gida. Lokacin da Garriott ya yi kwana 59 a sama, 'ya'ya huɗu ya bari a ƙasa, kuma ba su suka riƙe kansu ba. Don haka ba kowane aikin so ne abin yabo ba. Ma'aunin shi ne, haƙƙin wa ya ci? A tafiyar 1983 Garriott bai taɓa lokacin aikin da aka tura shi ba, daga hutunsa ya yanka. Wanda ya yanka daga barcinsa da nishaɗinsa ya ciyar da abin da yake so, wannan mai so ne. Wanda kuwa ya yanka daga haƙƙin matarsa da 'ya'yansa, sunan abin da yake yi zalunci, ko da ya kira shi sha'awa.

Ta uku kuma, wata za ta ce wannan ai zancen masu ƙoshi ne, wanda ke neman na tuwon dare ina ya ga lokacin sha'awa? Gaskiya ne talauci yana cinye lokaci, kuma akwatin rediyo ba kowa ke iya sayensa ba. Sai dai shi son abu ba a kasuwa ake sayensa ba. Yaron da ke ƙera mota da gwangwani da tsohon silifa, da wanda ya kwance tocilan don ya ga inda wutar take fitowa, da yarinyar da ke tsinto ƙyallaye a shagon tela tana ɗinka wa 'yar tsana riga, duk abu ɗaya ne yake motsa su da wanda ya motsa yaron Enid. Bambancin kawai shi ne shi ya samu uban da ya ce zo mu je tare.

Ba kuma ina nufin a raina sauran ayyukan biyu ba ne. Wanda ya sa kaki ya miƙa wuyansa ga umarni ya ba da abu mai tsada, kuma wanda ya fita da safe ya nemo halalinsa ya ciyar da iyali ya cancanci girmamawa. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, a rayuwar wannan mutum aikin so shi ne saiwa, sauran rassa ne. Shi ya zaɓa masa karatu, shi ya zaɓa masa irin aikin da ya yi a soja, shi ya kai shi jami'a, daga jami'a zuwa sama. Kakin kuwa shekara uku ya yi a jikinsa ya tuɓe. NASA ma ya bar ta a 1986, wani ya hau kujerarsa. Amma lambar W5LFL tana tare da shi tun yana saurayi har ya tsufa.

Sannan shi ne abin da ya zama gado. Muƙamin soja ba a gadonsa, digiri ma ba a gadonsa, kowa sai ya yi nasa. Ɗansa Richard ya taso da son ƙirƙira, ya yi suna da dukiya wajen tsara wasannin kwamfuta, kuma ya sha faɗin cewa ɓangaren fasaha daga mahaifiyarsa ya samo, domin ita mai zane ce. Matsalar ido ta hana shi bin hanyar da ubansa ya bi, amma a watan Oktoba 2008 ya biya kuɗinsa ya shiga kumbon Rasha ya je tashar sararin samaniya. Da ya isa can shi ma sai ya ɗauki rediyo ya yi ta magana da mutanen ƙasa da 'yan makaranta. Lambar da ya yi kira da ita kuwa, W5KWQ, ita ce lambar kakansa, wato mutumin nan da ya fara jan Owen zuwa wannan harka a Enid. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kaka ya mutu, amma lambarsa ta fito daga sama a bakin jikansa.

Don haka 'yar uwa, nasihata gare ki biyu ce. Ta farko a kan 'ya'yanki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma tun yana ɗanye ne kuma ake karya shi. Idan kika ga yaro ya nace wa wani abu da ba saɓo ba ne ba kuma cutarwa ba, kada ki yi saurin kashe masa gwiwa da baƙar magana. Ki sa masa iyaka, ya yi karatunsa, ya yi aiken da aka sa shi, ya daina taɓa kayan mutane ba izini. Bayan nan ki tambaye shi, wai me kake haɗawa ne? Nuna min in gani. Wannan tambaya kaɗai tana iya zama abin da zai tuna ki da shi har ya yi furfura. Kuma kada ki ware 'ya mace, ki ce wannan na maza ne. Tambayar gizo-gizo yarinya ce ta yi ta, kuma mace ce ta zauna a gaban akwati a Andaman.

Ta biyu a kanki ke kanki. Mata da yawa ranar da aka kai su ɗaki ranar ce suke binne abin da suke so. Wadda take rubutu ta ajiye biro, mai saƙa ta ajiye kwarashi, mai son karatu littattafanta suka koma ƙarƙashin gado gara tana ci. Hidimar gida ba ta ƙarewa, kuma aiki ne mai daraja, amma in kika bari ta cinye ki ɗungurungum, ranar da yara suka girma suka watse za ki waiga ki rasa abin da ya rage naki. Ki nemi ko da rabin awa ne a yini, bayan kin sauke haƙƙin da ke kanki, ki ba abin nan da ranki yake so. Ki kuma yi wa maigida bayani cikin lalama ya fahimta, kamar yadda ke ma za ki yi masa uzuri a kan nasa in dai bai taɓa haƙƙinki ba. Yaran da suka ga uwarsu tana yin abu don so, su ma za su koyi cewa ba kome ake yi don kuɗi ko don tsoro ba.

Masu rediyon sha'awa suna da wata al'ada. Idan ɗayansu ya mutu, sai su rubuta haruffa biyu, SK, a bayan lambarsa, ma'ana madanninsa ya yi shiru. Ba sa rubuta muƙami, ba sa rubuta yawan dukiya. Haka suka yi wa Sarki Husaini da ya rasu a 1999, haka suka yi wa Garriott a 2019, haka kuma suke yi wa wanda ba a san shi ba sai a unguwarsu. Abin da suke nufi shi ne, ga wani da ya saba kira ya kuma saba amsawa, yau mun murɗa ba mu ji shi ba.

Kowannenmu akwai ranar da madanninsa zai yi shiru. Aikin da aka sa mu za a sa wani, aikin da ake biyanmu za a biya wani, kafin a share makoki ma an cike gurbin. Abin da za a rasa mai maye shi shi ne wanda muka yi da zuciya ɗaya ba don an sa mu ba. Sai kowace ta tambayi kanta, in aka ɗauke umarni aka ɗauke albashi, me ya rage da take yi, kuma me take bari 'ya'yanta su yi.